Kwana a sansanin tanti cikin dajin namun dawa: jagora ga matafiyi daga Zariya

Sansanin da ake magana a kai ba otal ba ne da aka gina a bakin daji aka kewaye da katanga. Tantuna ne kamar 6 zuwa 12, an kafa su nesa da juna a gindin itatuwa ko a gaɓar kogi, a tsakiyar inda giwa da zaki da dorina ke harkokinsu, kuma yawancinsu babu shinge ko waya. A cikin kowane tanti akwai gado na sosai da katifa mai kauri, da banɗaki mai ruwa, da fitilar sola, da 'yar baranda ta katako. Baƙi ba sa wuce 12 zuwa 24, ma'aikata kuwa sau da yawa sun fi baƙin yawa.

Abu ɗaya ya kamata ya zauna maka a rai tun daga Zariya: a can babu kasuwa. Tumatir, man mota, garin fulawa, naman da za ka ci, duk babbar mota ce ko ƙaramin jirgi ke kawo su daga gari mai nisan sa'o'i. Abin da ba ka faɗa ba tun kafin ka taso, da wuya a samo maka shi bayan ka sauka, komai kirkin manaja. Kusan duk ɓacin ran da baƙi ke samu a irin wannan wuri daga nan yake fitowa.

Ina, kuma yaushe

Wurare huɗu ne suka fi shahara da irin wannan sansani. Akwai Masai Mara a Kenya, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,500, da Serengeti a Tanzaniya wadda ta ninka ta kusan sau goma. Daji ɗaya ne, iyakar ƙasa ce ta raba su. Akwai fadamar Okabango a Botsuwana, inda ake shiga kwalekwalen da suke kira mokoro ana tura shi da gora, wadda UNESCO ta sa cikin jerin wuraren gado na duniya a 2014. Sai kwarin Luwangwa ta Kudu a Zambiya, wanda ya yi suna wajen bin daji da ƙafa da ganin damisa. Ga wanda zai fara, Kenya ta fi sauƙi: hanya ta fi gajarta, akwai Musulmi da yawa, kuma samun naman halal daga Nairobi ba abu ne mai wuya ba.

Lokaci yana da muhimmanci fiye da sunan sansanin. A Gabashin Afirka babbar damina tana faɗowa a Afrilu da Mayu, ƙarama a wajen Nuwamba. A babbar damina hanyoyi kan zama taɓo mai kama taya irin na fadama, ciyawa ta yi tsawo ta ɓoye dabbobi, wasu sansanoni ma su kan rufe. Daga Yuli zuwa Oktoba ne garken nyumbu ke yawan kasancewa a arewacin Serengeti da Mara, suna tsallake kogin Mara da ke cike da kadoji. Nyumbu sunan Suwahili ne na wata dabba mai jikin gwanki da kai irin na ɓauna, sun haura miliyan ɗaya, suna kewaya dajin shekara-shekara tare da jakunan dawa suna bin ruwan sama. A wajen Fabrairu kuma suna kudancin Serengeti, yankin Ndutu, suna haihuwa. Wannan ya sa wasu sansanoni ke tashi da tantunansu sau biyu a shekara suna bin garken, kamar yadda makiyayi ke tashin ruga. Idan irin wannan ka zaɓa, tambayi takamaimai inda za a kafa shi a ranakun da za ka zo.

Kada kowa ya yi maka alkawarin ranar da garke zai tsallake kogi. Su kan taru a gaɓa tun safe, a zauna ana jira sa'a uku, su juya su koma. Wanda ya sa duk burinsa a kan wannan abu ɗaya zai iya dawowa da takaici alhali ya wuce zakuna da giwaye bai kalle su ba.

A Mara akwai bambancin da ya kamata ka sani. Akwai ainihin gandun da gwamnatin gundumar Narok ke riƙe da shi, akwai kuma filayen da ke kewaye da shi, kamar Mara North da Naboisho da Olare Motorogi, waɗanda ake haya daga hannun 'yan ƙabilar Masai masu ƙasar ana biyan su. A cikin gandun, lokacin cunkoso, za ka iya ganin motoci sama da ashirin sun yi wa damisa ɗaya zobe, kuma ba a fita da dare. A filayen hayar an ƙayyade yawan gadaje da yawan motocin da za su tsaya kan dabba ɗaya, ana fita da dare da fitila, ana kuma tafiya da ƙafa. A ganinmu, in dai aljihu zai ɗauka, sansanin da ke cikin filin haya ya fi, sai ka ware yini guda ka shiga gandun.

Kwana uku a sansani ɗaya shi ne mafi ƙaranci. Kwana biyu yana nufin yini ɗaya tak cikakke.

Kuɗi, da wasiƙar da za ka rubuta kafin ka biya

Farashin da ake rubutawa na mutum ɗaya ne a dare ɗaya, bisa sharaɗin mutum biyu a tanti. Yana farawa daga dala ɗaruruwa, manyan kuma suna wuce dala 1,500 lokacin cunkoso. Wanda zai kwana shi kaɗai yawanci ana ɗora masa ƙari. Galibi kuɗin ya haɗa da abinci sau uku, abin sha, fita daji sau biyu a yini da wanki. Abin da ba kasafai yake ciki ba shi ne ƙaramin jirgi, da tukuicin ma'aikata, da hawan balan-balan mai tashi sama da asuba, wani lokaci har da kuɗin shiga gandu. Wannan na ƙarshe ba ƙarami ba ne: a 2024 gandun Mara ya sa dala 100 a yini ga babban mutum baƙo daga Janairu zuwa Yuni, dala 200 daga Yuli zuwa Disamba. Miji da mata na kwana uku a Agusta, ka ga lissafi ya canza. Nemi a rubuto maka jimilla ɗaya, da jerin abin da ke ciki da wanda ba ya ciki.

Akan karɓi kafin alƙalami na kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, a cika sauran kamar wata biyu kafin zuwa, kuma wanda ya fasa a kurarren lokaci yakan yi asarar kuɗin duka. Sansani mai tanti takwas ba ya iya sayar da gurbinka a mako guda. Don haka kada ka cika kuɗi sai maganar biza ta tabbata. Katin naira ba abin dogaro ba ne ga irin wannan adadi. Asusun dala ya fi. Kafin ka tura ko sisi, kira lambar da ke ainihin shafin sansanin ka tabbatar da lambar asusun da baki, domin 'yan damfara su kan shiga tsakiyar imel su sauya ta.

A wannan imel ɗin ne za ka zayyana buƙatunka, ka kuma nemi amsa a rubuce, ɗaya bayan ɗaya. Cewa ba ka cin alade kuma ba ka shan giya, har da wadda ake zubawa a miya ko kayan zaƙi. Cewa kana son naman da aka yanka bisa Musulunci, in ba zai samu ba a ba ka kifi da ƙwai da ganye. Shekarun yaran da za ka zo da su, domin sansanoni da yawa ba sa karɓar ƙananan yara, kuma bin daji da ƙafa yana da nasa ƙa'idar shekaru. Duk wata lalura: ciwon sukari mai buƙatar a ajiye allura a firji, na'urar numfashi da ke son wuta dare farai, ciwon gwiwa da zai sa a ba ka tanti kusa da wurin cin abinci. Tambayi ko motar mutum nawa take ɗauka. Shida ya yi daidai, kowa na da gefe. In uwargida ba za ta sake ba cikin baƙin maza, ana iya hayar mota ku kaɗai da ƙarin kuɗi, amma sai an tanada tun da wuri don motocin ƙidayayyu ne.

Takardu da lafiya

Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida da shafuka biyu ko fiye da ba a buga komai ba. Dokar shiga ta bambanta: mai fasfon Najeriya da zai je Tanzaniya sai ya nemi biza tun daga gida, ya ba ta makonni, kada ya yi tsammanin samu a filin jirgi. Ko wace ƙasa ce, duba shafin hukumar shige da ficenta kafin ka yanki tikiti.

Katin rigakafin shawara, wanda aka fi sani da yalo kad, wajibi ne ga wanda ya fito daga Najeriya. Ofishin lafiya na tashoshin shiga ƙasa ne ke ba da shi, akwai su a filayen jirgin Kano da Abuja. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10, don haka wanda ya yi ta ana jibi tafiya za a iya tsayar da shi. Sau ɗaya ake yin ta a rayuwa.

Zazzaɓin cizon sauro ba baƙo ba ne gare mu, shi ya sa ake raina shi. Bambancin shi ne a can asibiti na iya zama tafiyar jirgi. Ga likitanka makonni kafin tafiya, ya yanke ko za ka sha maganin kariya, ka kuma riƙe cikakken zubi ɗaya na maganin zazzaɓi, da na gudawa, da gishirin ORS, da duk maganin da kake sha kullum har da rarar kwana biyar, a cikin kwalayensu na asali, a jakar hannu. Yi inshorar da ta ƙunshi ɗauko mara lafiya da jirgi. A Gabashin Afirka AMREF Flying Doctors da ke Nairobi na sayar da rajistar ɗan gajeren lokaci ga baƙi, wasu sansanonin ma sun sa ta cikin farashi. Tambaya za ka yi.

Hanya da jaka

Daga Zariya, ko ka bi ta Kano, ko ka sauka Kaduna ka hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja. Ethiopian Airlines na bi ta Adis Ababa zuwa Nairobi ko Kilimanjaro, Kenya Airways kuma na tashi daga Legas kai tsaye. Agogon Kenya da Tanzaniya na gaban namu da sa'a 2, na Botsuwana da Zambiya da sa'a 1. A Nairobi, babban jirgi a filin Jomo Kenyatta yake sauka, ƙananan jiragen daji kuwa daga filin Wilson suke tashi, kuma tsakaninsu akwai cunkoson gari. Kwana ɗaya a Nairobi kafin ka wuce ya fi kwanciyar hankali, musamman in jaka ta maƙale a hanya.

Mutumin Zariya ya saba ganin ƙananan jiragen kwalejin koyon tuƙin jirgin sama suna shawagi a kan gari. Wanda zai kai ka daji ɗan babba ne kaɗan da su, mai kujeru kamar 12, yana sauka a filin jar ƙasa, wani lokaci sai ya tsaya filaye biyu ko uku kafin naka. Tafiyar Mara ba ta cika wuce sa'a guda ba. Ƙa'idar kaya a Kenya da Tanzaniya kilo 15 ce har da jakar hannu, a Botsuwana galibi kilo 20, kuma dole jaka mai laushi, domin ma'ajiyar da ke cikin cikin jirgin ƙarama ce, akwati mai tauri ba ya shiga. Ba a roƙon alfarma a nan, nauyi maganar rai ce. Auna jakarka a gida. Akwatin tsaraba ka bar shi a otal ɗin Nairobi.

Kilo 15 ya isa, tunda ana wanki kullum. Riguna masu dogon hannu 3, wanduna 3, rigar sanyi mai kauri 1, hular sanyi, hular rana mai baki, rufaffen takalmi 1, silifa 1, da kaftani ɗaya mara nauyi na cin abincin dare. 'Yan gwanjo na kasuwar Sabon Gari za su haɗa maka wannan duka. Kamfai kuwa ka zo da isasshe, don sansanoni da yawa ba sa wanke shi, sai dai su ajiye maka garin sabulu.

Launi ba ado ba ne. Ƙudan tsando, wanda ke sa wa shanu sammore, baƙi da shuɗi mai duhu suke jan sa. Shi ya sa tarkonsa da ake ratayewa a daji da ƙyalle baƙi da shuɗi ake yin sa. Cizonsa na ratsa yadi mara kauri. Wannan ya fi shafar mata: baƙar abaya da baƙin hijabi su ne mafi munin abin da za a sa a wurare irin su Serengeti da Luwangwa. A ɗinka hijabi ruwan ƙasa ko ruwan toka ko kore mai duhu-duhu, mai tsayi daidai gwiwa don hawa mota, a sa dogon wando a ciki. Farar shadda kuma kafin azahar ta koma ja da ƙura, ga shi tana ɗaukar ido daga nesa. Kaya masu zanen kakin soja a bar su a gida, ƙasashe da dama sun haramta wa farar hula. Turare mai ƙarfi na jawo ƙwari.

Kada ka sa leda a jaka: Kenya ta haramta ta a 2017, Tanzaniya a 2019. Kilishi da dambun nama su ma a bari, saboda dokar shigo da nama da kuma dalilin da za a zo kansa. Ɗan yaji a kwalba ba laifi, ka miƙa wa kuku. Zo da madubin hangen nesa mai lamba 8x42, kowa da nasa, domin damisa ba ta jira a gama miƙa wa juna. Zo da tocilan goshi, fawa bank, man leɓe, maganin sauro na shafawa mai DEET, da ƙaramar buta ta roba. Soket ɗin Kenya da Tanzaniya irin namu ne mai ƙafa uku masu kusurwa. A kudancin Afirka za ka iya tarar da mai manyan ƙafafu zagayayyu, sai da adafta.

Cikin tanti

Da isarka manaja zai zaunar da kai ya yi bayanin ƙa'idoji, ka sa hannu a takarda. Saurara da kyau ko da gajiya ta kama ka. Sannan a raka ka tanti. Kafin mai rakiyar ya tafi, sa shi ya nuna maka abu huɗu: inda oba-oba ko ƙahon neman agaji yake da yadda ake amfani da shi, makunnin fitila na kusa da gado, ruwan da ake sha da wanda ba a sha, da yadda shawa ke aiki.

Shawar kala biyu ce. Wasu sansanoni na da famfo da tankin da rana ke ɗumamawa, wanda ruwansa ya fi zafi da yamma. Wasu kuma bokiti ne na tamfol mai cin lita kamar 20, ma'aikaci ya cika shi da ruwan ɗumi daga waje ya ja shi sama da igiya. Sai ka faɗi lokacin da kake so tun da wuri. Buɗe ka jiƙa jiki, rufe, shafa sabulu, sannan ka buɗe ka ɗauraye. Wanda ya bar shi yana zuba zai ƙare da kumfa a ka. Mai buƙatar wankan tsarki kafin asuba ya nemi a ajiye masa ruwan zafi a babban filas tun dare. Ruwan famfon daga rijiyar burtsatse ko kogi yake, ya yi alwala da wanka, amma wanke baki da sha sai na kwalbar da aka tace.

Wutar sola ce da batir. Tana ɗaukar fitila da cajin waya da kyamara, amma hita ko dutsen guga ko na'urar busar da gashi za su iya kashe wutar sansanin gaba ɗaya. Intanet, in akwai, yawanci a babban tanti yake kuma a hankali yake tafiya. Gaya wa mutanen gida tun kafin ka shiga cewa shiru ba matsala ba ce, ka bar musu lambar ofishin sansanin.

Zif shi ne ƙofarka. Ja shi har ƙasa duk lokacin da ka shiga ko ka fita, ko da minti ɗaya ne, ka sa maƙalar da aka tanada, saboda birai sun iya buɗewa. Kada ka ajiye abinci a tanti, ko dabino ko biskit. Ƙamshinsa na kawo tururuwa da ɓeraye, ɓeraye su kawo maciji, birai kuma su yaga raga. Takalmi a shigo da shi ciki, kura na ɗauke na fata ta tauna, kuma a zazzage shi da safe saboda kunama. In ka ji wani abu mai ɗumi a ƙarƙashin bargo da dare, gorar ruwan zafi ce aka sa maka.

Yadda yini ke tafiya

Ana tashinka wajen ƙarfe 5:30 da shayi ko kofi a bakin tanti, mota ta tashi 6:00 ko 6:15. A Kenya da arewacin Tanzaniya, da yake suna kusa da layin da ya raba duniya biyu, rana na fitowa wajen 6:30 ta faɗi wajen 6:30 kusan duk shekara, don haka asuba ta riga ta shiga. Ka nemi a tashe ka 5:15 ka yi sallah a natse. Mara na kan tudu mai tsayin sama da mita 1,500, fiye da ninki biyu na Zariya, kuma motar a buɗe take. Sanyin safiya ya kai na tsakiyar hunturu a Samaru, ga iska. A Botsuwana a Yuni da Yuli ya fi haka tsanani. Sa kaya bisa kaya, ka riƙa cirewa yayin da rana ke ɗagawa.

Fitar safe ita ce mafi daraja, kada ka yi barci ka bar ta. Zaki da damisa da kura da dare suke farauta, da hantsi ya yi sai su shige inuwa. Ana dawowa wajen 10:30 ko 11:00, a ci abinci, a huta, a sha shayi 4:00, a sake fita har faɗuwar rana.

Ɗan jagora shi ne rabin abin da ka biya. Tun ranar farko gaya masa abin da ke ranka: tsuntsaye ne, giwaye ne, hoto ne. Ka bar shi ya tsaya ya karanta sawu, ya saurari kukan gargaɗin birai da barewa, wanda sau da yawa shi ke tona inda damisa take. Baƙon da ke cewa a wuce, a wuce, ya fi kowa ƙarancin gani. Minti arba'in a gaban garken giwa ɗaya, kana kallon yadda uwa ke tura ɗanta ƙarƙashin cikinta da hanci idan mota ta matso, ya fi tsere tsakanin wurare goma.

Dabbobin sun saba ganin mota a matsayin abu guda da ba ya cutarwa kuma ba a ci. Da zarar ka miƙe tsaye, ko ka fito da hannu, ko ka ɗaga murya, ka fasa wannan siffa, ka zama mutum. Zauna, yi magana ƙasa-ƙasa, kashe ƙarar waya da walƙiyar kyamara. Kada ka matsa wa direba ya ƙara kusanta. In ya ja baya daga toron giwa mai zubar da ruwa a gefen kai, ya san yana cikin lokacin zafin rai ne. Fitsari ya matse ka, faɗa masa, zai nemi fili ya duba kafin ka sauka bayan mota. Masai da za ka gani a hanya ko a sansani, nemi izini kafin ka ɗauke su hoto.

Sallah da abinci

A gida in an ce alƙibla gabas ake nufi. A Kenya da arewacin Tanzaniya Makka na arewa ne, da ɗan karkata kaɗan zuwa gabas. Saukar da manhajar alƙibla da ke aiki ba intanet, ko ka tambayi ma'aikata. Da wuya a rasa Musulmi a cikinsu. Azahar da la'asar na samunka a sansani. Magariba ce ke riskarka a daji, daidai lokacin da ake tsayawa a wani fili a sha abin sha ana kallon faɗuwar rana. Yi alwala kafin fita, ka riƙe sallaya mara nauyi, ka gaya wa ɗan jagora tun da rana don ya zaɓi wurin da ya dace, ka yi sallah dab da mota. Hukuncin kasaru da haɗa salloli ka tambayi malaminka kafin tafiya, ka faɗa masa adadin kwanakin da za ka yi a kowane wuri.

A wannan tsayawar yamma giya ce al'adar yawancin baƙi, amma akwai lemo da ruwan 'ya'yan itace, kuma ba wanda zai ga baikenka. A kudancin Afirka ka kula da Amarula, wadda ake zubawa a kofin safe. Kamar madara take amma giya ce. A karin kumallo tambayi irin naman da ke cikin tsiran Turawa, ka roƙi a soya ƙwanka a kasko daban. Ranar farko ka nemi ganin kuku da kanka, ku gaisa, ka maimaita masa abin da ka rubuta. Saƙon da ya bi ta hannun ejan da ofishi ba kullum yake isa kicin yadda aka faɗe shi ba.

Dare

Daga faɗuwar rana zuwa fitowarta ba ka taka waje kai kaɗai, ko tazarar taku ashirin ce. Haska tocila ko ka kira ta oba-oba, mai gadi zai zo ya raka ka. Dorina na fitowa kiwo da dare, kuma wanda ya shiga tsakaninta da ruwa ya shiga hatsari; duk girmanta ta fi mutum gudu. Tsohon ɓauna da ya ware daga garke yakan kwanta a duhuwar da ke tsakanin tantuna. In kun yi kiciɓis da dabba, tsaya bayan mai gadi ka yi abin da ya ce. Kada ka ruga, gudu ne ke tayar da mafarauci.

A cikin tanti za ka ji abubuwa. Gurnanin zaki na kai kilomita 8, don haka wanda kake ji kamar a bayan gadonka mai yiwuwa yana hayin kogi. Ƙarar tumɓuke ciyawa dab da kai dorina ce ko ɓauna. Ƙarar karyewar reshe da wani ruri mai zurfi giwa ce, tana iya goga jikinta da igiyar tanti ta wuce. Muddin zif na rufe, dabba na ɗaukar tanti kamar dutse ko suri. Kada ka buɗe don leƙe, kada ka haska mata fitila a ido, kada ka bar yaro ya kwana shi kaɗai. Ƙahon agaji na rashin lafiya ne, ko gobara, ko maciji a ciki. In ka busa, kunna fitilunka don a gane tantin, in kuma wani ne ya busa, kashe naka ka zauna.

Ranar tafiya ake ba da tukuici. Abin da aka saba shi ne dala 10 zuwa 20 a yini daga kowane baƙo ga ɗan jagora, a ba shi hannu da hannu a ambulan, da kwatankwacin dala 10 a yini a akwatin da ake raba wa sauran ma'aikata, masu wanki da masu ɗebo ruwa da masu gadin da ba ka cika ganinsu ba. Tanadi ƙananan takardun dala sababbi tun daga gida, domin tsofaffin bugu da yagaggu ba sa karɓuwa a can. Jirgin komawa kan sauya lokaci, da yamma ake sanar da sansani na gobe, don haka bar tazarar aƙalla sa'a 5 tsakaninsa da babban jirginka. Bayan ka dawo, in zazzaɓi ya kama ka cikin makonnin farko, ko wurin cizon ƙuda ya kumbura ya yi gyambo, je asibiti a ranar, ka gaya wa likita ƙasar da ka je da cewa ka shiga dajin da ke da ƙudan tsando.